Gadar da Ta Sunkuyar da Ni

Matsue, tsakiyar watan Disamba

Zuwa ga babbar yayata Kinuko,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da girmamawa daga ƙaninki Tadao. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki Emiko da maigidanta da yaransu. Yaya ƙafar taki? An ce mini gwiwar hagu ta matsa miki tun bara, har kin daina zuwa kasuwar Londrina da kanki. Kullum da safe in na kunna turare gaban hoton Baba da Inna nakan ambaci sunanki, in roƙa miki sauƙi da tsawon rai. Ki riƙa shan maganin nan, kada ki yi irin taurin kan gidanmu.

Mu nan lafiya lau muke. Matata Teruko tana nan yadda kike jin ta a waya, baki bai mutu ba. Likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta huce a kaina, miyar gidanmu yanzu kamar ruwan ɗauraye kwano. 'Yarmu Naoko tana Yokohama tana aikinta na asibiti, ta ce za ta zo sabuwar shekara in an ba ta hutu. Sanyi ya kankama, kan dutsen Daisen ya yi fari fat, agwagwin arewa sun dawo sun cika bakin tabki. Na san ku can Brazil zafi kuke sha a watan nan, abin da har yau kaina ya kasa ɗauka.

Yaya, kin san ni ba ma'abocin rubutu ba ne. Amma akwai maganar da in na ɗauki waya zan tsaya ina tambayarki ruwan sama da farashin kofi har mu yi sallama ban faɗe ta ba. Maganar ɗanki Osamu ce, da kwalekwalen Baba. Lokacin da aka ɗaura miki aure kika haye teku, ni na gama 'yar makarantar da zan gama na bi Baba cikin tabkin Shinji. Da ya rasu, abin da ya bar mini ruɓaɓɓen kwalekwale ne, da doguwar manjagara mai kwando, da izinin kamun shijimi, 'yan ƙumbar nan baƙaƙe da muka girma a kan miyarsu. Yau ina da rumfar tacewa tawa ta kaina, da shago a bakin hanya, da mota mai firji da ke kai kayana har Osaka. Ban taɓa tsayawa ƙofar wani ina murza hula ba. Sai dai shekara saba'in ba wasa ba ce, kafaɗata ta fara yi mini gardama. Naoko tun tana ƙarama ta gaya mini ita ba ta ruwa ba ce, ban kuma ga laifinta ba. Izinin kamu kuwa gida yake bi. In babu na gida da zai karɓa, zai fita daga hannunmu, sunan gidanmu na Nozu ya bar kan ruwa ke nan.

Tun da Osamu ya zo aikin masana'anta a Izumo, garin nan da ke kusa da mu, shekara uku da suka wuce nake lura da shi. Yakan kawo matarsa Luciana da 'yarsu Mari su ci abinci a wurinmu. Na ga hannunsa ranar da ya gyara mini famfon rumfa ba tare da na sa shi ba, na ga ba ya barin shinkafa a kwano, na ga ba ya katse babba. To, a kakar nan sai ya ce mana kwantiraginsa zai ƙare da bazara, za su tattara su koma. Suna fita Teruko ta dube ni ta ce, Baban Naoko, in ba ka buɗe bakin nan naka ba, agwagwa za ka bar wa kwalekwalen. Na ce mata ta yi mini shiru, mu mutanen Matsue ba ma miƙa magana tsirara. Baba bai taɓa tambayata ko ina so ba, wata safiya kawai ya ɗora mini sandar manjagara a hannu ya juya ya kunna sigari. Mutum mai hankali nuna masa ake yi ya gane. Sai na yanke shawara zan ɗauki yaron yini guda in nuna masa garin nan tun daga sama har ƙasa, in ya ga abin da zai bari, shi da kansa zai nemi zama. Teruko ta ce za ta bi mu, don ba a kan samu kallon kyauta kullum ba.

Ranar na sa kwat ɗina ta zuwa biki, na wanke mota da kaina. Da tsohuwar fada muka fara. Yaya, sau ɗaya kika dawo, lokacin rasuwar Inna, ba ki ga komai ba sai makabarta da tashar jirgi, don haka bari in gaya miki tana nan yadda kika bar ta, baƙa wuluk a kan tudunta, kamar babban tsuntsun da ya buɗe fukafukai zai tashi ya fasa. Muka cire takalma muka hau matakalar katakon nan mai tsayi, sanyin daɓen yana shiga ƙafa har ƙashi. Na nuna masa rijiyar da ke can ƙasan ginin, da manyan ginshiƙan da aka ɗaure da ƙarfe, shekara ɗari huɗu suna ɗauke da nauyi ba su yi ƙorafi ba. Teruko ta tsaya a hawa na biyu ta ce ita ta ga iya tarihin da gwiwarta za ta ɗauka. Da muka kai can sama, iska ta buge mu ta ko'ina, gari ya shimfiɗu a ƙasanmu, rufin gidaje na sheƙi da raɓa, tabki kuma ya kwanta fari kamar an zuba dalma. Na shekara saba'in ina ganinsa, amma sai da ƙirjina ya cika. Na miƙa hannu na nuna masa rufin rumfata mai shuɗi can gefen ruwa, na ce masa rufin can, nan da 'yan shekaru zai bukaci wanda zai kula da shi. Ya gyaɗa kai da ladabi ya ce mini akwai wani abokinsa ɗan Brazil a wurin aiki da ya iya gyaran kwano sosai, zai ba ni lambarsa kafin ya tafi.

Na haɗiye wannan. Muka sauko muka bi ta layin gidajen mayaƙan dā, inda tsofaffin itatuwa suka ranƙwafa kan ruwa, muka shiga gidan shayi. Aka kawo mana koren shayi mai kumfa da 'yar alewar wake da aka yi ta kamar furen hunturu, har mutum yana jin kunyar sa mata haƙori. Nan na fito da abin da na ɓoye a jaka, wato kofin shayin Baba, mai tsaguwar nan a baki da ke kika yi ta kika ce kyanwa ce. Na tura masa a kan tebur da hannu biyu. Duk wani ɗan garin nan, ko ɗan shekara goma ne, in aka ba shi kofin da kakansa ke sha kafin ya fita kamu, ya san abin da aka ce masa. Osamu ya karɓa idonsa ya ciko, ya yi godiya har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Sannan ya tambayi mai gidan shayin ko tana da takarda mai kauri da za a naɗe shi, don kada ya fashe a jirgin sama. Teruko ta sa hannun riga ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Taliyar da muka ci bayan nan, irin tamu mai kwano uku a jere, ban san ɗanɗanonta ba.

Saura abu biyu a lissafina, yawon kwalekwale da faɗuwar rana. Yawon nan ba ki san shi ba, bayan tafiyarki aka fara. Kin tuna gwalalon ruwan da ya kewaye fada, wanda Inna ke hana mu wasa a bakinsa saboda wari? An share shi tas, har kunkuru da zalɓe sun dawo. Yanzu ana ɗaukar baƙi a dogayen kwalekwale masu rumfa ana zagayawa da su ta bayan gidajen mutane da ƙarƙashin gadoji, da hunturu kuma akan sa teburin ɗumi mai bargo a tsakiya, kowa ya cusa ƙafafunsa. Wasu gadojin gajeru ne ƙwarai, sai matuƙi ya danna maɓalli rumfar ta sauko, dole kowa ya kifa kansa har a wuce. Ni da nake kwana nake tashi a kan ruwa ban taɓa shiga ba, ina ganin abin baƙi ne. Muna isa sai na ga matuƙin namu Kageyama ne, ɗan ajinmu mai manyan kunnuwa, wanda ya yi ritaya daga gidan waya. Yana hango ni ya cire hularsa ta kaba ya kwaɗa murya, wai ranka ya daɗe Sarkin Ƙumba, yau wace rana, kwat a kan ruwa, ko ƙumbar ce ta yi aure? Na ce masa tsohon banza, ya kama tuƙinsa, in ya kifar da mu ni ne zan tsamo shi. Ban sani ba ashe Teruko ta riga ta kai wa matarsa labari tun mako guda, ta kuma nemi a sa mu a kwalekwalensa. Ranar ba baƙi, mu uku ne kawai.

Ruwan ya kwanta luf, ganyayen da suka yi ja suna yawo a kansa, katangar fada ta dutse tana wucewa a hankali ta gefenmu. Kageyama yana waƙa da muryarsa ta tsohuwar ƙofa, yana nuna wa Osamu gidan da aka haifi wane da inda wane ya faɗa ruwa a buge. Ƙafafunmu sun yi ɗumi, har na fara jin abin zai yiwu. Sai Osamu ya gyara zama ya ce yana so ya yi mini godiya. Ya ce zai gaya wa Mama cewa ƙaninta ya yi masa rakiya irin ta manya, ya nuna masa gari, ya ba shi kofin Kaka ya tafi da shi abin tunawa, kuma ƙarshen makon nan zai sayi tikitinsu tun bai yi tsada ba. Yaya, ashe duk yinin nan bankwana yaron ya ɗauka nake yi masa. Teruko ta mintsine ni ta ƙarƙashin bargo, mintsinin da shatinsa ya kwana uku. Na zauna ƙiƙam cikin kwat ina kallon wani zalɓe.

Daidai nan muka zo gadar da ta fi kowace gajarta. Kageyama ya ce kowa ya sunkuya, da mai kamfani da mai talla, gadar nan ba ta san kowa ba. Rumfa ta sauko tana ƙara, ta danna mu har kumatuna ya kwanta a kan bargo, hancina kusa da na Osamu, duhu ya rufe mu. Sai na ji injin ya yi shiru. Muka tsaya cak a ƙarƙashin gada, ruwa yana ɗiga daga sama. Na ce Kageyama, mene ne haka? Ya amsa daga baya, shi ma a duƙe, wai injin nan tsoho ne kamar wasu mutane, ba ya tashi sai an faɗi abin da ke ciki, kuma shi ba ya sauri, an riga an biya shi kuɗin yini. Bayana ya fara zafi, wuyan kwat ya shaƙe ni. Teruko ta ce a hankali, Baban Naoko, kanka dai ya riga ya sauka, sai ka ƙarasa.

Na ƙarasa, Yaya. Da kumatuna a kan bargo na kira sunansa, na ce masa kada ya tafi. Na ce ina so ya karɓi kwalekwalen kakansa da rumfar da shagon, in koya masa aikin tun ina da sauran ƙarfi, domin ba ni da wanda nake so ya gaje ni sai shi. Ban taɓa jin muryata ta fita haka ba. Da farko na ɗauka yaron bai gane ba, don kin san harshenmu yana yi masa ɗingishi. Can sai na ji muryarsa daf da kunnena. Ya ce, Kawu, me ya hana ka faɗa duk shekarun nan? Na ce yo ba na ba ka kofi ba? Kageyama ya fashe da dariya har kwalekwalen ya girgiza, ya tayar da injin da taɓawa ɗaya.

Da muka fito haske rumfa ta ɗaga, Osamu ya share fuska ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce sau da yawa in ya tashi daga aikin dare ba ya wucewa gida, sai ya biyo ta bakin tabki ya tsaya, ya ga kwalekwalenmu sun watsu cikin hazon safiya, kowa a tsaye yana jan sandarsa, har ya koyi gane nawa daga nesa ta yadda nake karkata kafaɗa. Ya ce ya sha raya wa kansa aikin, amma yana ganin ba a ba wa wanda aka haifa a wata ƙasa irin wannan, shi ya sa bai taɓa ɗaga maganar ba. Sannan ya faɗi abin da ya sa nake rubuto miki. Ya ce ranar da zai taho ya yi miki alkawari shekara uku zai yi ya dawo, kin kuma gyara musu ɗakin baya tun bayan rasuwar mahaifinsa. Ya ce shi ba zai karya miki alkawari ba ko da tabkin duka za a ba shi, sai in ke kika sake shi da bakinki. Ban ji haushi ba. Da ya amsa mini nan take ya manta da uwarsa, da ban ba shi kwalekwalen ba.

Daga nan muka tafi bakin tabki kallon faɗuwar rana, inda gumakan dutsen nan biyu suke tsaye suna fuskantar ruwa. An gina wurin zama yanzu, baƙi sun jeru da na'urorin hoto. Kusa da wurin akwai wasu zomaye na tagulla a kan ciyawa, 'yan mata suna ajiye ɓawon shijimi a gaban ɗaya wai neman sa'a, na ce wa Osamu rabin ɓawon nan daga rumfata ya fito, ba wanda ya taɓa yi mini godiya. Sai rana ta sauko bayan ɗan tsibirin nan mai itatuwa, wanda Inna ke ba mu labarin amaryar da ta nutse a wurin. Sama ta yi ja, ta koma ruwan lemo, ruwan tabki ya kama da wuta tun daga tsibirin har ƙafafunmu, itatuwan suka yi baƙi kamar an zana su da tawada. Duk surutun baƙin nan ya mutu. Na je Osaka, na je Tokyo, ban ga abin da ya kama ƙafar wannan ba, kuma ba don garinmu ne na faɗa ba. Teruko ma ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba tun ranar aurenmu.

Bai sayi tikitin ba tukuna. Ranakun hutunsa yana raka ni kan ruwa. Ba zan ɓoye miki ba, aikin yana nan da wuyarsa. Tafin hannunsa ya fashe a fitar farko, sanyin asuba yana sa mutum hawaye, akwai kuma shekarar da ƙumba ke mutuwa ba wanda ya san dalili. Ƙungiyarmu ta masunta tana da dokokinta, ba kullum ake fita ba, ba a wuce ma'auni, ƙanana kuma a mayar da su ruwa. Ba zai yi kuɗin dare ɗaya ba, amma zai kwana a gidansa kowane dare, ya ga 'yarsa ido biyu. Kuma yana da kunne. Kin tuna yadda Baba ke watsa ƙumba a kan siminti yana sauraro, mai rai ta yi ƙara ƙwal, wadda laka ta cika ta yi ɗif a fitar da ita? Ni sai da na shekara ban iya ba. Ɗanki ya fara tsamo su a mako na biyu, wai kaɗa jita ne ya buɗe masa kunne. Luciana ta ce ita inda mijinta yake nan take, Mari kuwa ta fi ubanta iya maganar garin nan, har tana gyara masa.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Kin tsufa, kin binne miji a ƙasar da ba taki ba, ɗanki namiji guda kike jira, ni kuma na zo ina cewa ki bar mini shi. In kika ce a'a, ni da kaina zan kai su filin jirgi, ba kuma za ki taɓa jin wata magana daga bakina ba. In kika yarda, kowace shekara idan kamu ya yi sanyi zan tura miki su su yi wata guda, wannan nauyina ne. Ɗakin ƙasa na gidanmu kuma, mai kallon ruwa, babu matakala, Teruko ta riga ta fara kwashe tarkacenta daga ciki. Ki zo ki zauna iya son ranki, in sa Kageyama ya zagaya da ke, ki ga fada, ki ga rana ta faɗi bayan tsibiri. Kafin taron ƙungiya na bazara nake bukatar in kai sunan magajina, shi ya sa ban jira sabuwar shekara ba.

Yaya, ban sunkuya wa banki ba, ban sunkuya wa dillalan Osaka ba, sai da gada ta danne ni. Yanzu ina zaune a teburin kicin, babu gada a kaina, babu Kageyama a bayana, ba wanda ya kashe inji. Ni da kaina na sa goshina ƙasa a gabanki. Ki bar mini Osamu.

Ki gaishe mini da Emiko da maigidanta Paulo, ki shafa mini kan jikokinki, ki kuma zuba ruwa a kabarin maigidanki da sunana. Teruko tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ita ce ta yi rabin aikin, ban musa ba. Naoko ma tana miƙo gaisuwa. Kofin Baba kuwa, Osamu ya dawo da shi a naɗe cikin takardarsa, ya ajiye gaban hoton Baba da Inna. Ya ce ko a kwance shi a sha shayi kafin fita kamu, ko a sa shi a akwati, duk wanda kika ce. Yana nan a naɗe, kullum da safe ina ɗan matsar da shi in kunna turare.

Ƙaninki mai jiran amsarki,
Nozu Tadao